Kujerun da Aka Kamo Yau da Asuba

Ɗan kawuna, wanda kowa ke kira Na-Gama, ban taɓa ganin ya fara wani aiki ba. Gamawa kawai yake yi, ita ma da baki. Ka aike shi, ya ce ya gama. Ka tambaye shi karatu, ya ce wannan ai tun bara ya wuce wurin. Ni da shi ajinmu ɗaya a kwaleji, muna koyon gina shafin intanet, ko kuma in ce muna zama a ɗakin da aka ce a nan ake koyarwa.

Malaminmu kuwa Malam Ku-Kwafa muke ce masa, a bayan idonsa dai. Zai shigo da wani tsohon littafi da bangonsa ya rabu da shi tun kafin a haife mu, ya juya mana ƙeya, ya cika allo da rubutu tun daga sama har inda bayansa zai iya sunkuyawa, sannan ya kaɗe hannu ya ce, "Ku kwafa." Wata rana na yi ƙarfin hali na ɗaga hannu.

"Malam, idan aka sa wannan rubutun a kwamfuta, me zai fito?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Maki zai fito. Zauna."

Ba wai babu kwamfutoci a kwalejin ba. Suna nan a ɗakin ƙarshen baranda, guda ashirin, an lulluɓe su da zannuwa kamar majinyata. Ta taga muke gaishe su. Makullin yana hannun wani bawan Allah da kullum aka je nemansa sai a ce yanzun nan ya fita. Zango guda cur misali ɗaya muka yi ta kwafa, shafin wani shagon mai kifi da Malam ya samo a littafinsa. Jarrabawar ma a takarda muka yi ta, da biro.

To, Na-Gama Allah ya ba shi kyawun rubutu da hadda, sai ya zo na ɗaya. Ni da ƙyar na tsallake, domin ni lokacina a kan tsohon laftof ɗin yayana yake ƙarewa, wanda in ya yi zafi yake gurnani kamar injin niƙa. Nakan kalli bidiyon masu koyarwa a waya, in rubuta layi uku, in duba abin da ya fito, in ɓata, in gyara, in sake ɓatawa. Shi kuwa nasa laftof sabo fil, amma in ban da fina-finai ba abin da ya taɓa gani. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba, musamman da ya fara kirana "'yar gwaji" a gaban mutane.

Kawu, wato mahaifinsa, kafinta ne. Shagonsa yana bakin titi, tela a damansa, mai walda a hagunsa. Shekara talatin yana wannan sana'a, kuma mutum ne da ba ya yarda da abin da hannu bai taɓa ba. Ranar da Na-Gama ya kai masa takardar sakamako ina wurin, Inna ta aike ni karɓo wani ɗan benci da ya gyara mata. Kawu ya juya takardar gaba da baya, ya miƙa masa abarsa.

"Na ga takarda. Ina abin?"

"Wane abu, Baba?"

"Abin da ka koyo. Ni in yaro ya shekara biyu a hannuna, ko kujerar tsuguno ce zai nuna mini in zauna a kai. Kai shekara biyu kana fita da jaka kana dawowa da yunwa. Bayana ya fara ciwo, shagon nan yana son hannu. Daga yau zuwa ƙarshen wata ka nuna mini abin da idona zai gani. In babu, ka yi sallama da kwalejin nan, ka zo ka kama zarto."

Na-Gama bai tsani komai a duniya kamar ƙurar katako ba. Ko shagon zai shiga sai ya toshe hanci da hankici. Amma maimakon ya ji tsoro, sai ya gyara wuyan riga.

"Baba, ƙarshen wata ai ya yi nisa. Zan ɗora shagon nan a intanet. Mutum yana zaune a ƙasar da ko sunanta ba ka taɓa ji ba, zai latsa waya ya ga gadajenka. Ka fara tunanin inda za ka sa sababbin ma'aikata, don oda za ta yi maka yawa."

Tela ya leƙo da allura a baki. "Har daga ƙasashen waje?"

"Har daga bayansu," in ji Na-Gama.

A hanyar gida na ce masa, "Kai, ba a fafe gora ranar tafiya. Ko layi ɗaya ka taɓa sawa a kwamfuta kuwa? Zo mu zauna in nuna maka ɗan abin da na gano."

"Na ɗaya zai zauna a gaban ta talatin da shida?" Ya yi dariya. "Ke dai ki zo ranar buɗewa, ki zo da littafi da biro."

Kwana uku ya yi yana kwafe shafin mai kifin nan daga littafinsa zuwa laftof, da yatsa ɗaya, yana dangwalar maɓallai kamar kaza na tsintar tsaba. A rana ta huɗu ya same ni a baranda yana ta washe baki. Wai ya gano wani sirri da ko Malam bai sani ba. Akwai wurin da in ka gaya wa kwamfuta ta canja wata kalma, duk inda kalmar take sai ta musanya ta da wadda kake so, cikin ƙiftawar ido.

"Na ce mata duk inda ta ga kifi ta mai da shi kujera. Sau ɗaya na latsa. Aikin wata guda, na gama."

"Ka dai bi ka karanta daga sama har ƙasa?"

"In karanta me? Kwamfuta ce fa ta yi. Ke kin fi ta sani ne?"

Na nemi ya nuna mini, ya rungume jakarsa ya ce ba a nuna wa ɗan hassada jariri. Sai na rabu da shi. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Daga nan sai maganar hoto. Ya ce hoton waya ƙasƙanci ne ga kamfani irin na mahaifinsa, ya ɗauko mai hoto da katuwar kyamara. Aka fito da babban gadon da Kawu ya fi ji da shi har tsakiyar titi, motoci suna ta hon, mai walda yana riƙe da ƙafar gadon ɗaya yana tsinuwa ƙasa-ƙasa. Mai hoto ya tambaya ko a rage girman hoton kafin a ba shi.

"A rage?" in ji Na-Gama. "In da hali ma a ƙara."

Saura mako guda, ya kira mai fenti ya rubuta adireshin shafin a bangon shago. Ya buɗe laftof, ya kwafo abin da ya gani a can saman allon, ya miƙa a takarda. Mai fenti ya duba, ya sake dubawa, ya cire hula ya sosa kai.

"Ɗan samari, wannan adireshi ne ko wasiƙa? Ni na sha rubuta na mutane, taƙi guda ne."

"Na ƙananan shaguna ke nan. Girman adireshi, girman kamfani."

Abin ya fara da harafin C da ɗigo biyu, sai wasu sanduna a karkace, sai "sabon folda", sai "sabon folda na biyu", sai "shafin Baba na ƙarshe", sai "na ƙarshen ƙarshe". Bangon Kawu ya ƙare, adireshi bai ƙare ba. Mai fenti ya sauko ya ja tsaninsa, ya ci gaba a bangon mai walda. Mai walda ya fito da baƙin tabarau a goshi.

"Kai! Wa ya ce ka taɓa mini bango?"

"Yi haƙuri, maƙwabci," in ji Na-Gama. "Kai ma ka shiga intanet ke nan, kuma kyauta."

Da na zo wucewa na ga bangon, sai na tsaya cak. Na gane abin nan take, domin ni ma na taɓa yin wannan wautar a ɗakina, sai dai ni ban kira mai fenti ba. Na same shi na ce, "Wannan fa ba adireshin intanet ba ne. Hanyar da fayil ɗin yake a cikin laftof ɗinka ce. Ba wanda zai iya buɗe shi sai kai."

Ya buɗe laftof, ya latsa, wani abu mai launi ya bayyana, ya yi maza ya rufe kafin in gani da kyau. "Ya buɗu ko bai buɗu ba?"

"A naka ya buɗu."

"To intanet ɗin nawa daban ne da na sauran mutane? Hassada dai ga mai rabo taki ce."

Na so in je in gaya wa Kawu. Har na kai ƙofar shago, sai na tarar da shi yana goge tebura yana 'yar waƙa, abin da ban taɓa ji ba tun da nake. Ya gayyaci abokan sana'arsa kaf, har da tsohon maigidansa da ya koya masa aiki, wani dattijo mai sanda. Sai kawai na gaishe shi na wuce.

Ranar ƙarshen wata da la'asar aka jera kujeru a gaban shago, aka jawo babban gadon nan bakin ƙofa. Tela ya rufe nasa shagon ya zo, mai walda ya wanke hannu, matan layi sun tsaya daga gefe, Inna tana cikinsu. Na-Gama ya fito da kwat a wannan zafin, ya hau kan wani akwatin kayan aiki.

"Jama'a, yau rana ce ta tarihi. Daga yau shagon mahaifina ya bar wannan layin, ya shiga duniya. Kowa ya ɗauko wayarsa, ya rubuta abin da ke bangon nan."

Aka duƙufa. Wasu suka fara daga bangon Kawu suna tafiya a hankali har na mai walda, kai a sama, yatsa a waya, suna karo da juna. Wani kafinta mai ƙiba ya ce ya ɓata a "sabon folda na biyu", a jira shi. Can sai tela ya ɗaga wayarsa.

"Nawa ya ce ba a samu ba."

"Nawa ma."

"Ni fari fat nake gani."

"Sabis ne," in ji Na-Gama. "Kun yi wa sabis yawa. Ku rarrabu."

Aka rarrabu. Mai walda har tsallaken titi ya je, ya ɗaga waya sama, ya dawo.

"Wayoyinku ne tsofaffi," in ji Na-Gama, gumi yana bin wuyan kwat. Ya buɗe laftof ya juyo da shi. "Ga shi nan! Ku duba, yana aiki!"

Dattijon nan mai sanda ya gyara murya. "Yaro, ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, ka fahimtar da ni. Abin yana cikin wannan faifan naka ne kawai?"

"A yanzu dai, Baba Tsoho."

"To mutumin nan na ƙasar waje, in yana son ganin gado, kai za ka ɗora faifan a ka ka kai masa talla?"

Dariya ta ɓarke. Kawu bai yi ba. Ya waiwaya yana neman wani da ido, har idonsa ya sauka a kaina.

"Ke 'yar ƙanwata, ba ajinku ɗaya ba? Zo ki gaya mini da bakin da zan gane."

Na matso ina jin kunya. "Kawu, kamar ka ƙera kujera ce ka kulle ta a sito, sannan ka rubuta wa mutane cewa tana bayan ƙofa, kusa da taga. Gaskiya ka faɗa, amma ba wanda ke da makullin. Sai an fito da ita an kai inda kowa ke wucewa."

"Ana iya fito da ita yanzu?"

"Ana iyawa. Akwai inda nake ɗora nawa na gwaji. Amma Kawu, da an bari na duba shi tukuna..."

"Ba abin da za ki duba!" Na-Gama ya katse ni. "Aiki ya kammala, dako kawai za ki yi. Ai kowane injiniya yana da masu ɗauko masa kaya."

To, tun da dako aka ce, sai na yi dako. Na zauna a kan benci, na haɗa laftof ɗinsa da wayata, na kwashi kayan yadda suke ban taɓa ko ɗigo ba, na ɗora. Minti goma bai cika ba na karanto wa jama'a sabon adireshi, ɗan gajere. Wannan karon wayoyi suka amsa.

"Ya buɗu!" in ji mai walda. Sai kuma ya kawo wayar kusa da ido. "Wannan mene ne? Turmi?"

"Gado ne," in ji Na-Gama.

"Ni dai ƙafa ɗaya nake gani."

Hoton nan da aka hana ragewa ya fi fuskar waya girma nesa ba kusa ba. Kowa ƙafar gado ya samu, da ɗan yatsan mai walda a gefe. In kana son ganin sauran, sai ka yi ta jan hoton da yatsa. Kafinta mai ƙiba ya ce shi ya kama hanyar zuwa kan gadon, in ya isa zai aiko da labari.

Tela ne ya fara gangarawa ƙasa inda rubutu yake. Shi kuwa mutum ne mai son a ji muryarsa. Ya miƙe tsaye, ya gyara tabarau, ya fara karantawa da ƙarfi.

"Barka da zuwa shagonmu. Duk kujerunmu sababbi ne, yau da asuba aka kamo su."

Jama'a suka dubi juna.

"Muna da ɗanyar kujera, da busasshiya, da kyafaffiya."

Wata mata daga gefe ta saki ƙara ta toshe baki da mayafi.

"Tsaya, tsaya, wannan kuskuren na'ura ne," in ji Na-Gama, yana ƙoƙarin sauka daga akwati. Tela ya ɗaga hannu ya ci gaba.

"Duk wanda ya sayi kujera, za mu wanke masa ita, mu cire ƙaya, mu yanka gunduwa-gunduwa kyauta. Shawara ga masu saye: in ba yau za a ci kujera ba, a sa ta a firiji. Kujerar da ta fara wari ba ma karɓarta."

Mai walda ya zauna a ƙasa daɓas yana riƙe da ciki. Kafinta mai ƙiba ya tashi daga kujerar da yake kai, ya sunkuya ya shinshina ta, ya ce wannan kam da sauranta. Baba Tsoho yana dariya yana tari yana buga sanda a ƙasa.

"Kafinta," ya ce wa Kawu, "shekara bakwai ka yi a hannuna, ban taɓa sanin kana da komar kamun kifi ba!"

Inna ta ce ita a auna mata rabin benci, amma ban da kai. Har masu wucewa suka tsaya, aka yi ta miƙa musu wayoyi. Ni ma na yi dariya, Allah ya sani, amma da na dubi Kawu sai dariyar ta maƙale mini. Yana tsaye a bakin ƙofar shagonsa da sabuwar rigar da tela ya ɗinka masa domin ranar, yana kallon ƙasa. Tausayinsa ya kama ni, na yi sauri na sauke shafin daga intanet.

Da jama'a suka watse, ana ta "sai mun zo sayen kyafaffiya", muka rage mu uku. Na-Gama ya cire kwat ya riƙe a hannu.

"Baba, laifin Malam ne. Shi bai taɓa..."

"Malamin nan ita ma ba shi ne malaminta ba?" Kawu ya nuna ni da haɓa. Ya ja kujera ya zauna a hankali saboda bayansa. "Kafin yau, sau nawa ka taɓa yin irin wannan abin?"

"Wannan ne na farko."

"Ke fa?"

"Ban ƙirga ba, Kawu. Yawancinsu ma lalacewa suka yi."

"Wa ya gani?"

"Ba kowa."

Kawu ya gyaɗa kai. "Kujerar farko da na ƙera, ni na fara zama a kanta, a bayan shago, ba kowa. Ta karye da ni. Ta biyu ma haka. Kai taka ta farko ka tara mini gari, har da maigidana, ko zama a kanta ba ka yi ba."

Na-Gama ya ɗaga kai. Ya dubi zarto a rataye a bango, ya dubi tarin katako, idonsa ya kawo ruwa. "Shi ke nan, Baba. Na yarda. Gobe zan zo shago."

"Wane shagon?"

"Nan. Ai ka ce in na kasa..."

"Na faɗa, amma na janye. Katako tsada gare shi. Wanda ba ya duba aikinsa ba zan damƙa masa zarto ba, sai ya yanke mini ƙafar tebur ya ce na'ura ce. Ka koma kwalejinku ka ci gaba da kwafa, tun da takardar a can ake bayarwa. In an tashi kuma, ka wuce wurin 'yar'uwarka ka zauna, ka yi ta ɓata aikin naku da ba a sayen katakonsa, har ranar da ta ce mini ka iya. Ita za ta faɗa, ba kai ba."

"Ita? Baba, ta talatin da shida ce fa!"

"Ni ko ta ɗari ce. Nata ya buɗu."

Kawu ya tashi ya shige ciki, muka ji ya fara jan gadon nan shi kaɗai zuwa mazauninsa. Na-Gama ya daɗe a tsaye. Can ya zo ya zauna a ƙarshen bencin da nake, nesa da ni, ya buɗe laftof a kan cinya. Ya waiga dama da hagu ya tabbatar tela ba ya kusa, sannan ya yi ƙasa da murya.

"To, ta ina ake farawa?"

Na juyo da laftof ɗin, na gangara da shafin zuwa layin farko.

"Karanta," na ce. "Da ƙarfi, har ƙasa."